Walimar Sallamar Su Saratu

Kun sha tambayata, musamman ke Sadiya, abin da ya sa Babanku na Tsafe ya ɗauke ƙafa daga gidanmu kuna yara, har kuka daina zuwa hutu wurinsa. Kowa ya ba ku nasa labarin. A Tsafe an ce muku ni na raba wa da ƙane. A Kekun Waje, wurin dangin kakarku, an ce muku sharrin shaiɗan ne, a bar tone-tone. Ni kuwa na yi shiru ne don mahaifinku ba ya son a ɗaga maganar. Yanzu shi da yayan nasa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, ni ma rana ta yi mini yamma. Gara ku ji daga bakin wadda ta dafa abincin ranar.

Da daminar 1999 ne mahaifinku ya faɗi. Lokacin yana malamin gona, kullum yana kan babur tsakanin Mada da Magami. Wata safiya ya fito daga wanka, yana ɗaure da zane, sai na ji kamar an yar da buhu. Na tarar da shi kwance bakin rijiya, bakinsa ya karkace. Ihun da na yi ne ya kawo maƙwabcinmu Malam Yohanna, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Malamin sakandare ne, mutumin kudancin Kaduna, sun daɗe a Gusau tun kafin a haife ku. Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Shi ya goya mahaifinku a bayansa cikin taɓo har bakin titi, ya tare mota. Duk zaman da na yi jinya a asibiti, matarsa Saratu, uwar Bulus, ita ce ta riƙe ku. Ita ke tashinku, ita ke tsefe muku kai, ita ke kora ku Islamiyya in kun yi nawa. Mahaifinku ya tashi, amma hannun hagu bai koma daidai ba, magana kuma sai a hankali. Ranar da za a sallame mu likita ya ja ni gefe.

"Malama, ƙwayoyin nan rabin magani ne," in ji shi. "Ɗaya rabin yana hannunki. Ban da hayaniya, ban da ɓacin rai. In jininsa ya sake hawa haka, ba lalle ya tashi ba."

Da wannan magana nake kwana, da ita nake tashi. Na hana ku ƙwallo a tsakar gida. Daka ma a maƙwabta nake yi.

Bayan an yi girbi sai gari ya ɗauki maganar shari'a. Mu murna muke yi, mahaifinku har sawa yake a ajiye masa rediyo kusa da kunne. Amma a bayan katanga abin ba haka yake ba. Ku riƙe wannan da kyau: a unguwarmu babu wanda ya kore su, babu wanda ya ɗaga musu yatsa. Tsoro ne kawai, da ji-ta-ji-ta, da 'yan'uwansu da suka dame su da aike su dawo gida. Wasu Kiristocin sun zauna abinsu, har gobe suna nan. Su Saratu ba su iya ba. Wata rana muna tsintar shinkafa a ƙofar ɗakina ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Maman Sadiya, Baban Bulus ya samu canjin wurin aiki. Kafin ku fara azumi za mu tafi."

Na ci gaba da tsinta. Sai da na ga tsakuwa nake mayarwa cikin shinkafar sannan na ajiye faifan.

Da na gaya wa mahaifinku, na ce masa ba zan bar matar nan ta bar Gusau kamar baƙuwar kasuwa ba, ina so mu tara mutane kaɗan mu ci abinci tare. Ya gyaɗa kai. Na zauna na tsara abin yadda ba zai taɓa lafiyarsa ba. Ba kiɗa, ba lasifika, ba rumfa ko kujerun haya. Tabarmi a zaure don maza, tabarmi a tsakar gida don mata. Tukunya ɗaya ta dafa-duka, tuwon shinkafa da miyar taushe don tsofaffi, sai zobo. A fara bayan la'asar, kafin a kira magariba kowa ya kama gabansa. Da ƙafata na bi gidajen layinmu na gaya wa mata, kowacce na ce mata kada ta wahalar da kanta da komai, ta zo da cikinta kawai. Na aika Bunguɗu wurin ƙanwata, na aika Kekun Waje wurin Inna mahaifiyata, kakarku. Tsafe ma na aika wa Babanku, Alhaji Mamman, don shi ne babba a gidansu, bai kamata ya ji a bakin wasu ba. A ganina ban taɓa shirya abu mai sauƙi irin wannan ba.

Kalma ɗaya ce ta dagula komai, kuma Sadiya, kada ki ɗora wa kanki, shekarunki nawa a lokacin? Murna ce ta sa kika ce wa ƙawayenki a makaranta za a yi fati a gidanku. Yara suka kai gida. Kafin mako ya zagayo, fatin ya samu makaɗa. Da ya isa bakin masallaci ya samu rawa, maza da mata a haɗe. Da ya hau motar Tsafe ya samu kwalabe. Ni ban san wainar da ake toyawa ba, na dai lura matan da muke hira da su a wurin niƙa sun koma gaisuwa a taƙaice.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, Alhaji Mamman ya iso da hantsi. Bai shiga wurin ƙanensa ba, ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a tsaye.

"Rabi, mi ni ka ji haka? Anka ce hwati za ku yi wanga gida, da kiɗi da abin sha."

"Wallahi Yaya abinci ne kawai. Shinkafa ce da zobo. Ko rediyo ba za a kunna ba."

"Ni na yarda. Su wa za ki bi ki gaya ma haka, gari guda? Jiya bakin masallaci wani ya tambaye ni ko ni ma za ni rawar." Ya ɗan sassauta murya. "Ban ce mutanen nan miyagu na ba. Na san abin da sunka yi muna. Amma kowa ido shi ka sa ma kowa yanzu. Ki sai mata atamfa, ki kai mata abinci ɗakinta, ku yi sallamarku a ɓoye."

"A ɓoye, Yaya?"

"A ɓoye."

"Ranar da Malam ya faɗi, ba a ɓoye mijinta ya goya shi ba. Duk layin nan sun gani."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya faɗi abin da ya fi komai yi mini nauyi.

"Kada ki kai ma ƙanena wagga magana. Ki hwasa abin shiru, ki ce mai sun yi saurin tahiya. In kinka ƙi, ranai ya ɓaci, ya sake hwaɗuwa, alhakin na wuyanki."

Ya shiga ya gaida mahaifinku, suka yi hirar farashin dawa kamar babu komai, ya tafi.

Ina so ku fahimci Babanku na Tsafe, don ba mugu ba ne. Shi ya riƙe mahaifinku a makaranta bayan rasuwar ubansu. Mutum ne da duk abin da ya mallaka a duniya bai kai masa sunansa ba, kuma tsakani da Allah yana tsoron kada a ɓata sunan ƙanensa yana kwance ba ya iya kare kansa. Na yini ina juya abin. In na fasa shiru, na yi wa mijina ƙarya, na kuma nuna wa Saratu cewa zumuncinmu abin kunya ne. In na gaya masa, ga maganar likita. Tuwon ranar ya ƙone a hannuna. Washegari bayan ya karya ya sha magani, na zauna kusa da shi na gaya masa komai, a hankali, ina kallon jijiyar wuyansa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, kalma-kalma yadda yake magana a lokacin:

"Ke... me kika gani?"

"Na ga mu yi. Amma lafiyarka ce a gaba. In ka ce a bari, an bari."

"Ciwo... ya kama hannuna. Bai kama... kunyata ba. Ki dafa."

Da yamma sai ga Saratu, idonta ja. Maganar ta kai mata.

"Maman Sadiya, don Allah ki bari. Mu tafiya za mu yi. Ke za a bari da mutanen nan."

"Na riga na jiƙa zobo," na ce mata. "Ki zo da babbar tukunyarki gobe, tawa ba za ta isa ba."

Ta yi dariya tana share hawaye. Ni kaina ƙarfin halin a baki ne kawai.

Ranar Asabar Inna ta fara isowa daga Kekun Waje, da zabi biyu da ƙullin hoce, gasasshiyar wainar dawa. Ta ji labarin, amma sai ta nemi wuƙa kawai ta zauna gyaran kabewa. Ƙanwata ta zo daga Bunguɗu. Aka yi la'asar, muka shimfiɗa tabarmi. Mahaifinku ya sa fararen kaya, aka zaunar da shi a kujerarsa a zaure, Malam Yohanna a gefensa, da abokan aikin mahaifinku biyu, da wani tsoho ladanin masallacinmu wanda ya ce shi bai taɓa ƙin kiran abinci ba. A cikin gida kuwa, ni ce, da Inna, da ƙanwata, da Saratu, da ku yara. Matan layinmu ko ɗaya. Wannan ta aiko ciwon kai, waccan ta yi baƙi. Duk motsin da aka yi a ƙofa sai mu ɗaga kai gaba ɗaya. Tabarmin nan shimfiɗe fayau, ga tukwane cike suna tururi. Saratu ta zauna a bakin tabarma ta haɗa hannuwa a cinya kamar mai zaman makoki. Na ce a zuba abinci, wanda ya zo shi ne rabonsa.

An kai wa maza tire ke nan na ji tsayuwar mota. Na leƙa ta labulen zaure. Alhaji Mamman ne, da wasu mutum biyu na Tsafe a bayansa. Daga baya na gane abin da ya kawo shi da su. Ya yi musu alkawari ne zai zo ya ga abin da idonsa ya tsayar da shi, su zama shaida. Ya yi sallama, ya tsaya yana dube-dube. Babu makaɗi, babu mace ko ɗaya a zauren, sai tsofaffi da tiren shinkafa da ladan yana suɗe yatsa. Da ya zo shi kaɗai, na tabbata zama zai yi ya sa hannu. Amma ga mutane a bayansa, ya kawo su tun daga Tsafe. Sai ya sunkuya ya ɗauki jug ɗin zobon da ke gaban Malam Yohanna, ya buɗe, ya kai hanci ya shinshina.

Malam Yohanna ya ajiye cokali, ya miƙe a hankali.

"Malam, na gode," ya ce da mahaifinku. "Bari mu koma gida. Allah Ya bar zumunci."

Mahaifinku ya miƙa hannunsa mai lafiya ya damƙi rigarsa. Yana ta ƙoƙarin tashi, ƙafar hagu ta ƙi. Bakinsa na rawa, magana ta maƙale, fuskarsa ta yi wani irin duhu da na taɓa gani sau ɗaya, a bakin rijiya. Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Ban taɓa shiga zaure da baƙi maza a ciki ba tun da aka kawo ni gidan. Abin da ke raina kawai a kashe wutar nan kafin ta kai gare shi. Na ɗauki kofi, na karɓi jug ɗin daga hannun Alhaji, na tsiyaya, na durƙusa har ƙasa na miƙa masa da hannu biyu.

"Bisimilla, Yaya. Zobo ne. Ni na jiƙa shi da hannuna."

Bai karɓa ba. Na ci gaba da miƙa masa. Ɗaya daga cikin mutanen Tsafe ya sunkuyar da kai ya fice waje. Can daga tsakar gida muryar Inna ta taso, ba da ƙarfi ba.

"Mamman, in ci ya kawo ka, zamna ka ci. In ba shi ba, hanya na da nisa, rana ta yi."

Ya dube ni ina durƙushe. Ban ga fushi a idonsa ba, abin da na gani ya fi fushi ciwo.

"Kin kunyata ni gaban mutane, Rabi," in ji shi. "Kin kyauta."

Ya juya ya fita. Muna jin motar ta tashi. Ina nan durƙushe da kofi, sai mahaifinku ya saki rigar Malam Yohanna ya miƙo mini hannu. Na ba shi kofin. Ya sha, rabi ya zube a farar rigarsa.

"Yohanna," ya ce. "Zauna... abinci... na hucewa."

Aka zauna aka ci. Ba zan ce muku an ci da daɗi ba. Ladan ya yi addu'a, ya roƙa musu sauka lafiya, kowa ya shafa. A cikin gida Inna ta yagi cinyar zabo ta sa a kwanon Saratu, ta ce ta ci, tafiya ba ta son yunwa. Da muka keɓe wurin wanke-wanke kuwa ba ta raga mini ba.

"Kin yi gaskiya, ɗiyata. Amma da kin bar shi ya shinshina abinai ya tahi. Namiji na mance zagi, ba ya mance kunya."

Har yau ban san ko ita ke da gaskiya ba. Ni dai fuskar mahaifinku nake kallo a lokacin, ba ta Alhaji ba.

Abinci ya yi saura tuli. Kafin magariba na zuba a kwanoni, na sa mayafi, ni da ƙanwata muka bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya. Ban yi wa kowa gori ba, na ce ga rabonku. Washegari muka kai mahaifinku asibiti, jinin ya hau sosai, aka ƙara masa magani, likita ya yi mini faɗa kamar zai dake ni. Allah Ya tsare, bai sake faɗuwa ba. Da muka dawo na tarar an fara dawo da kwanoni. Gida biyu sun mayar da abincin yadda na kai shi. Sauran kuwa ba wanda ya zo wayam: wannan da gyaɗa, wancan da ƙuli-ƙuli, wani da dafaffen ƙwai. Matar mai unguwa da kanta ta kawo nata, da ƙullin kuka da daddawa a ciki, ta tsaya a bakin ƙofa tana waige-waige.

"Ki ba Maman Bulus, ta yi guzuri. Can garinsu ba su da daddawa mai kyau. Kada ki ce ni na bayar."

Na ce mata zan faɗa. Kuma na faɗa. Ranar Litinin da aka loda kayansu a mota, Saratu ta rungume ƙullin nan a cinyarta, ba ta yarda an sa shi cikin kaya ba. Sau ɗaya na ƙara ganinta a duniya, lokacin bikin Bulus.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don a kanku ya faɗa. Babanku na Tsafe bai ƙara taka gidanmu ba. Da sallah mahaifinku ke sa a kai shi Tsafe, su gaisa a ƙofar gida, ya dawo ya yini bai yi magana ba. Aka aurar da 'ya'yan Alhaji mata ba a aiko mini da goro ba. Kuka tashi ba kwa ganin 'yan'uwanku sai a hoto. Mahaifinku bai taɓa cewa ni na jawo ba, ko sau ɗaya, amma ina ganinsa in an ambaci Tsafe a rediyo. Wannan ne kuɗin shinkafar nan, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Kun yi girma, Sadiya har ta shiga sakandare, sai aka kwantar da matar Alhaji a asibiti nan Gusau. Ba wanda ya gaya mini, a bakin wata na ji. Na dafa tuwo na kai. Na tarar da Alhaji zaune a kan benci a baranda, ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Na gaishe shi, ya kau da kai. Na ajiye kwanon kusa da shi na shiga wurin mara lafiya. Da na fito kwanon na nan a rufe. Na ɗauka na ji ba nauyi. Haka muka yi ta yi, kullum in kai, kullum in gaishe shi, kullum shiru, kullum in ɗauki kwano wayam. Ran nan na sunkuya zan ɗauka, sai na ji ya yi gyaran murya. Yana kallon bango, ba ni ba.

"Rabi."

"Na'am, Yaya."

"Miyar taki ba gishiri."

Shekara da shekaru ina yi wa mai hawan jini girki, hannuna ya manta. Na rufe kwanon, na ɗaure shi a ɗankwali.

"Gobe zan ƙara, Yaya," na ce.